Robar Tsotso Ma Tana Bukatar Yaye

Duk wata uwa a Mamudo, ko sauran ƙauyukan ƙasar Potiskum ta Jihar Yobe, ta san ƙa'idar yaye: in yaro ya doshi shekara 2 sai a cire shi daga nono, sau da yawa a kai shi wurin kakarsa har ya manta. Amma akwai wani baƙon nono da ba a yanka masa ranar yaye, watau robar tsotso da akan cusa wa jariri a baki don ya yi shiru.

Shirun nan kuwa shi ne abin dubawa. Tun wajen wata 6 jariri ke fara gwaranci, yana horar da leɓɓansa da harshensa. Yakan furta kalmar farko wajen shekara 1, ya haɗa kalmomi 2 wajen shekara 2. Bakin da roba ta toshe yini guda ba ya samun sararin wannan horo. Har ila yau, daɗewa ana tsotsonta yakan turo haƙoran gaba, ya ƙara yawan ciwon kunne, alhali da kunne ake koyon magana.

Tun a 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka nemi asibitocin haihuwa su daina ba masu shan nono wannan roba. A 2018 suka sassauta, suka ce a bayyana wa uwaye haɗarinta. A Ingila kuwa, hukumar lafiya tana ba da shawarar a raba yaro da ita tsakanin wata 6 da 12.

Yayen ba na gaggawa ba ne. A fara hana shi da rana, a bar masa lokacin barci kaɗai, daga baya a janye ɗungum. Kada a shafa mata zuma, domin zuma haɗari ce ga wanda bai cika shekara 1 ba.

Sannan a cike gurbinta da hira. Uwa ta riƙa yi wa goyonta magana tana daka ko wanki, tana kiran sunan turmi da ƙwarya, kaka kuma ta kawo tatsuniya. Ko da Karekare, ko Ngizim, ko Bolanci, ko Hausa, duk daidai ne. Tashi da harsuna 2 ba ya jinkirta magana.

In yaro ya kai shekara 2 bai furta kalma ba, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, a kai shi asibiti a duba kunnensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.