Yadda Za A Zaɓi Labulen Rumfar Mota

Motocin da matafiya ke kwana a ciki, irin na Amurka da Turai, da motocin asibitin tafi-da-gidanka, suna da rumfar da ake janyowa daga gefe. Rumfar tana tare ranar tsaka ce kawai. Da hantsi da la'asar rana takan shigo ta gefe, masu wucewa kuma suna kallon abin da ake yi. Shi ya sa ake rataya mata labule.

Labulen iri biyu ne. Na farko raga ce. Akan rubuta yawan hasken da take tarewa, misali kashi 70, 80 ko 90 cikin 100. Iska tana ratsa ta, saboda haka wurin ba ya yin zafi sosai. Amma da dare ba ta rufa asiri: in aka kunna fitila a ciki, na waje zai ga komai.

Na biyu tamfol ne. Yana rufewa ruf, ya dace da wurin canza tufafi ko awon mai juna biyu. Illarsa, yana riƙe zafi, kuma iska mai ƙarfi na iya tura shi har ƙarafan rumfar su karye.

Shawarata: a sa raga a gaba, tamfol a gefen da jama'a ke bi. A auna tsawon rumfar da tsayinta kafin a saya. A ɗaure ƙasan labulen da turaku. Da zarar hadari ya haɗu, a kwance shi, a naɗe rumfar.