Zaitun da Atili a Gidajen Kudancin Kogin Kaduna

Bahaushe ya san sunan zaitun tun kafin ya ga itacensa. Kalmar daga Larabci ta shigo, ta hanyar karatun Alƙur'ani, inda aka ambace shi a Suratut Tini, kana alhazai suka riƙa kawo mansa tsaraba. Saboda wannan daraja ne wani magidanci a Barnawa ko Kakuri ko Narayi yakan sami dashe ya kafa a tsakar gida, ya yi shekaru yana ban ruwa yana jiran 'ya'ya. Galibi ganye kaɗai yake samu.

Dalilin haka yana ga yanayi. Asalin zaitun na ƙasashen bakin Bahar Rum ne, kamar Sifen da Italiya da Tunisiya da Falasɗinu, inda ruwa ke sauka lokacin sanyi, lokacin zafi kuwa ƙasa ta bushe. Itacen ba ya fure sosai sai ya sha sanyi na makonni a jere, awon zafi yana sauka ƙasa da digiri 12 a ma'aunin santigired. Kaduna kuwa, ko da yake tana bisa tudu mai tsawon wajen ƙafa 2,000 daga teku, sanyin hunturunta na dare ne da asuba. Da hantsi ya dubi ludayi rana ta kore shi. Sa'an nan ruwanta, wajen inci 50 a shekara, yana zuba ne daga Mayu zuwa Oktoba cikin ɗumi, alhali saiwar zaitun ba ta jure ƙasa mai riƙe ruwa. Wanda ke son itacen don ado, sai ya dasa shi cikin babban kasko mai huji, a ƙasa mai yashi, inda rana ke bugu, ya kuma rage ban ruwa da damina.

Akwai wani itace da akan kira zaitun na Afirka, watau atili, wanda ke yi a kudancin Jihar Kaduna da tsaunukan Filato. 'Ya'yansa sun yi kama da na zaitun, ana kuma tatsar mai daga gare su. A ruwan ɗumi ake jiƙa su su yi laushi. Tafasasshen ruwa ƙara musu tauri yake yi. Amma ba dangin zaitun ba ne. Masana tsirrai sun sa shi gida ɗaya da hano da dashi. Yana iya kai ƙafa 100, namiji daban mace daban, don haka ya fi dacewa da gona bisa ga ƙaramin gida.

Lalle ya kamata malami ya rarrabe wa ɗalibansa sunayen nan biyu, gama mai fassara da ya mai da atili zaitun ya ɓatar da mai karatu, ya kuma ɓatar da mai shuka.