Taba, Ciwon Sukari da Jijiyoyin Ido

A ƙasar Daura, daga birni har Zango da Ɓaure da Mai'aduwa, ba a rasa dattijo da ƙunshin taba gari da kanwa a aljihu. In kuwa yana da ciwon sukari, to, labarin nan nasa ne.

Shi ciwon sukari, in ya daɗe, ya kan ci ƙananan jijiyoyin jini, waɗanda suka fi gashi siranta. Na can bayan ido su kan soma yoyo, ruwa ya taru, wurin ya kumbura. Sai mutum ya riƙa ganin hazo alhali ba hunturu ake yi ba, har ya kasa shaida fuskar ɗansa.

Cikin 2001 masana na Jami'ar Stanford a Amurka, su Likita John Cooke, suka gwada a jikin ɓeraye, suka tarar nikotin, watau dafin da ke cikin taba, kamar mabuɗi yake. Akwai kwaɗonsa a bangon jijiya, in ya buɗe shi sai sababbin jijiyoyi su tsiro. Tsiron nan kuwa a ido ba alheri ba ne, gama raunana ne, su kan fashe.

Daga nan aka tuna da wani tsohon magani mai toshe kwaɗon, sunansa mecamylamine. Kamfanin Merck ya fito da shi a shekarun 1950 domin hawan jini, aka yi watsi da shi saboda jiri da taurin ciki. Sai aka mai da shi na ɗigawa. Cikin 2010 Likita Peter Campochiaro na Jami'ar Johns Hopkins da abokan aikinsa suka ba da labarin mutum 23 da aka ɗiga wa, sau biyu kullum, mako 12. Waɗansu suka sami sauƙi, waɗansu ba canji, kaɗan ma abin ya ƙaru. Mutum 23 fa ba su isa a yanke hukunci ba, shi ya sa bai shiga asibiti a matsayin maganin ido ba.

Abin da likitoci ke yi yanzu shi ne allura cikin ido, ko ƙuna da hasken leza, sa'an nan su hana taba. Sun kuma ce mai sukari ya kai idonsa a duba ko sau ɗaya a shekara, ko da bai ga hazo ba tukuna.