Mayen Ƙarfe Da Karatun 'Ya Mace

'Yan'uwana mata, in allura ta ɓace a tsakar gida a Roni, akan nemo ta da mayen ƙarfen tsohuwar rediyo. To, ko kun san in ya sha wuta sosai yakan daina kamu? Ƙananan ƙwayoyin cikinsa ne ke fuskantar gefe guda kamar sahu, zafi kuwa watsa su yake yi. Ƙarfe zalla yakan saki in zafi ya kai digiri 770.

Pierre Curie ya binciki wannan a Faransa a 1895. Matarsa Marie ma da binciken maganaɗisu ta fara, daga baya ta ci kyautar Nobel sau biyu.

Saboda haka uwargida, kada talla ta raba 'yarki da makaranta.