Akwai Talaka a Ingila?

A tsakiyar watan Yunin 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, ɗan ƙwallon Manchester United Marcus Rashford ya rubuta wa 'yan majalisar Birtaniya buɗaɗɗiyar wasiƙa. Ba ta shafi ƙwallo ba. Roƙonsa shi ne kada gwamnati ta tsayar da takardun sayen abinci da ake ba 'ya'yan marasa ƙarfi idan dogon hutu ya zo, domin akwai yaran da abincin rana na makaranta shi ne abincin kirki ɗaya tilo da ke shiga cikinsu a yini. Ya san abin da yake faɗa, don shi ma da wannan abincin ya tashi a unguwar Wythenshawe, mahaifiyarsa na fita aiki kullum amma albashin ba ya kai su ƙarshen wata. Gwamnatin Boris Johnson ta ce a'a. Kashegari ta janye, yara kimanin miliyan 1.3 suka ci gaba da samun abincin.

Duk wanda ya ji wannan labari daga nesa, dole ya ɗaga gira. Yunwa a Ingila? Ƙasar da asibiti kyauta ne, makaranta kyauta ce, wanda ya rasa aiki gwamnati ke ba shi kuɗi duk wata? Wani zai ce waɗannan ba su san talauci ba, daɗi ne ya yi musu yawa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a share ta ba. Ma'aunin Bankin Duniya na matsanancin talauci, wanda aka ɗaga zuwa dala 3 a rana a 2025, da ƙyar zai kama kowa a Birtaniya. Ba a binne yara saboda tamowa a Liverpool, mace ba ta mutuwa a ƙofar asibiti don mijinta ya kasa biyan kuɗin tiyata.

Wannan tsari kuwa gina shi aka yi da gangan. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, William Beveridge ya fitar da rahoton da ya lissafa dodanni biyar da ya ce sai ƙasar ta kayar da su: rashi, cuta, jahilci, ƙazantar muhalli da zaman kashe wando. Gwamnatin Clement Attlee da ta hau a 1945 ta ɗauki rahoton ta mayar da shi doka, kuma ranar 5 ga Yulin 1948 hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ta buɗe ƙofa a ƙarƙashin minista Aneurin Bevan. Alkawarin shi ne ƙasa za ta riƙe ɗan ƙasa tun daga zanin goyo har zuwa likkafani.

To ina talaucin ya ɓuya?

Malaman fiƙihu sun riga masana tattalin arziki gano cewa rashi hawa-hawa ne. A mazhabar Malikiyya, miskini shi ne wanda ba shi da komai sam, faƙiri kuwa yana da ɗan abu amma bai kai ya riƙe shi shekara ba, kuma dukansu sun cancanci zakka. Bahaushe ma yana da tasa kalmar da ta fi kowace dacewa da wannan batu, wato rufin asiri. Magidancin da ya ci tuwo jiya da yau, amma ya kasa yi wa 'ya'yansa ɗinkin sallah, ya daina zuwa ɗaurin aure don ba shi da rigar fita, ba wanda zai ce masa mai hali don kawai bai kwana da yunwa ba. Adam Smith, uban ilimin tattalin arziki na zamani, ya faɗi kusan haka tun 1776, inda ya lura cewa lebura a zamaninsa zai ji kunyar fita cikin mutane ba rigar lilin da takalmin fata, alhali mutanen dā sun rayu lafiya ba su san rigar ba. Abin buƙata a wurinsa ya haɗa da duk abin da al'adar gari ta ɗauka rashinsa abin kunya ne. Masanin zamantakewa Peter Townsend ya gina babban littafinsa na 1979 a kan wannan tunani: talaka shi ne wanda ƙarancin samu ya fitar da shi daga irin rayuwar da jama'arsa suka ɗauka ta kowa da kowa ce.

Daga nan ma'aunin da gwamnatin Birtaniya ke amfani da shi ya samo asali. A jera dukan gidajen ƙasar a layi, daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, a duba na tsakiyar layin. Duk gidan da samunsa bai kai kashi 60 cikin 100 na wannan ba, yana cikin talauci. Idan aka cire kuɗin haya, mutum kimanin miliyan 14 ne ke faɗawa ƙasan wannan layi, wato ɗaya cikin biyar. A cikinsu akwai yara sama da miliyan 4, kusan uku cikin kowane goma.

Masu suka suna cewa wannan ma'auni tazara yake aunawa, ba wahala ba. Sun yi gaskiya ta wani gefen, domin idan arzikin kowa ya faɗi tare, adadin talakawa na iya raguwa a takarda alhali ba wanda ya ƙara loma. Shi ya sa gidauniyar Joseph Rowntree take ƙirga wani rukuni dabam, miskinan ƙasar ke nan, waɗanda suka kasa samun abubuwa irin su abinci, ɗumin ɗaki, wutar lantarki, sutura ko sabulu. A 2022 ta samu mutum miliyan 3.8 da suka shiga wannan hali a cikin shekarar, kusan miliyan ɗaya daga ciki yara ne. Ga kuma shaidar da ba ta buƙatar lissafi mai zurfi. Ƙungiyar agaji ta Trussell Trust, wadda ta fara rabon abinci a garin Salisbury a 2000, ta raba ƙunshin abincin gaggawa kimanin 61,000 a shekarar 2010 zuwa 2011. A 2023 zuwa 2024 ta raba sama da miliyan 3. Taliya ce, da wake na gwangwani, da madara, da ganyen shayi, na kwana uku, kuma galibi sai da takardar shaida daga likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ake ba mutum.

Abin da ke cinye talakan Ingila, kafin komai, haya ce. Dokar Margaret Thatcher ta 1980 ta ba mazauna gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen da rangwame. An sayar da kusan miliyan 2 a Ingila, ba a gina isassun madadinsu ba. Wanda bai samu ba sai ya koma hannun masu gidajen haya, inda a Landan ɗaki ɗaya kan haɗiye rabin albashi. Yau gidaje sama da 100,000 a Ingila suna zaune a masaukin wucin gadi, uwa da 'ya'ya uku a ɗakin otal guda, ba wurin girki.

Sai sanyi, wanda shi ne abin da mutumin ƙasar zafi ya fi kasa sawa a lissafi. A can ɗumama ɗaki a hunturu kamar ruwan sha yake. Talakawa da yawa mita mai kati suke amfani da ita, irin wadda muka sani, kuma idan kuɗi ya ƙare wuta da gas su ɗauke a daren da ruwa ke daskarewa. Bayan yaƙin Yukren ya tayar da farashin gas, hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022, kuma maganar da ta cika bakin mutane ita ce zaɓi tsakanin ɗumi da abinci. Ɗakin da ba a ɗumamawa yana tara danshi, danshi ya haifi fumfuna. A Disamban 2020 wani yaro ɗan shekara 2, ɗan wasu 'yan asalin Sudan, ya rasu a Rochdale, kuma kotun binciken mutuwa ta tabbatar a 2022 cewa fumfunar bangon gidansu ce ta lalata masa numfashi, bayan mahaifinsa ya yi ta kai ƙara. Talaucin can yakan yi kisa a hankali, ba a gane shi sai an duba ƙididdiga: namijin da aka haifa a unguwannin da suka fi talauci a Ingila, rayuwarsa ta gaza ta ɗan unguwar masu hali da kusan shekara 10.

Tallafin kansa fa? Tun 2013 aka fara haɗe tallafi iri shida zuwa guda, wanda aka raɗa wa suna Universal Credit. A 2025, babban mutum mara aure kan samu kimanin fam 400 a wata, ban da taimakon haya. Wanda ya canza kuɗin zuwa naira zai riƙe baki, amma ba a kasuwar Kurmi ake kashe su ba. Sannan sabon mai nema sai ya jira mako biyar kafin kuɗin farko, idan ya karɓi rance a tsakani a riƙa zare shi daga tallafinsa, idan ya makara ganawa da jami'i a iya yanke masa. Kada kuma a ɗauka malalata ne: kusan bakwai cikin goma na yaran da ke cikin talauci, akwai mai zuwa aiki a gidansu. Masu shara ne, da masu kula da tsofaffi, da masu jera kaya a kanti.

A ganina, hujja mafi ƙarfi cewa talaucin nan na gaske ne ita ce yadda yake hawa da sauka da hukuncin gwamnati. Tony Blair ya yi alkawari a 1999 zai kawar da talaucin yara cikin shekara 20. Bai cika ba, amma adadin ya ragu sosai, na tsofaffi ma ya faɗi da kusan rabi. Bayan 2010 aka shiga tsuke bakin aljihu, a 2017 aka hana tallafin yaro na uku zuwa sama, adadin ya sake hawa. Da wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya Philip Alston ya zagaya ƙasar a 2018, ya ce wannan talauci zaɓin siyasa ne. Ministoci suka fusata, suka yi watsi da rahotonsa.

Akwai kuma waɗanda rumfar tallafin ba ta rufe su ba kwata-kwata. Yawancin baƙin da ke shiga da bizar karatu ko ta aiki, ciki har da dubban 'yan Najeriya da suka tafi aikin kula da tsofaffi, sharaɗin bizarsu ya haramta musu taɓa kuɗin tallafi. Suna biyan haraji, da yawansu suna biyan wani kuɗi na musamman don amfani da NHS, amma ranar da aiki ya tsaya babu fam 400 ɗin. Mai neman mafaka kuwa, wanda galibi doka ta hana shi aiki, kimanin fam 49 ake ba shi a mako, ya ci, ya yi sutura, ya hau mota a ciki.