Matuƙin ƙaramin jirgin sama da mansa

Idan isansi ya ƙare wa mai mota a kan hanya, sai ya raɓa gefen titi ya tsaya, ya jira taimako. Matuƙin jirgin sama ba shi da gefen titi. Shi ya sa tun kafin ya tashi yake lura da mansa ƙwarai.

Akwai ƙananan jirage masu inji guda, kamar Cessna 172 wanda ake ƙerawa a Amurka tun 1956. Mutum huɗu yake ɗauka. Tankunansa suna cikin fukafukai, ɗaya dama, ɗaya hagu. Isansin da irin waɗannan jirage suke sha ba na mota ba ne. Wanda aka fi amfani da shi ana rina shi shuɗi, don kada a rikita shi da kananzir ɗin manyan jirage.

Kafin tafiya, matuƙi yakan hau ya buɗe murfin kowane tanki. Ya duba da idonsa, ya auna da wata ƴar sanda mai zane-zane. Ba ya dogara ga allurar da ke gabansa kaɗai, domin allura takan yi ƙarya. Sa'an nan ya tatso mai kaɗan daga ƙarƙashin fiffike cikin ɗan kofi mai haske. Ruwa ya fi isansi nauyi. In akwai shi, zai kwanta a gindin kofi. Sai a yi ta tatsa har mai ya fito garau, gama ruwa yana kashe inji.

Matuƙi ba ya lissafin mai da kilomita. Da lokaci yake lissafinsa. Ga misali. Daga Yamai zuwa Maraɗi ta sama, kilomita wajen 540 ne. A ce jirgi yana gudun kilomita 180 a awa, yana shan lita 35 a awa, tankunansa kuma suna cin lita 150. In ba iska, tafiyar awa 3 ce, watau lita 105. Sai a ƙara man ajiya na minti 30, wajen lita 18. Jimla lita 123. Mai ya isa.

To, amma a lokacin ɗari iska tana busowa daga arewa maso gabas. Jirgin da ya nufi Maraɗi yana iya karo da ita. In ta rage masa kilomita 45 a awa, gudunsa ya koma 135. Tafiya ta zama ta awa 4, watau lita 140. In an ƙara na ajiya, lita 158 ke nan. Tankuna ba su cin haka. Dole matuƙi ya shirya sauka a wani fili ya ƙara mai, ko kuwa ya jira iska ta kwanta. Hausawa sun ce: da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mene ne amfanin man ajiya? Wata rana hazo yakan rufe fili, matuƙi ya kasa ganin inda zai sauka. Da man ajiya ne zai yi shawagi, ko ya nufi wani gari. Da dare, man minti 45 ake ajiyewa.

Inji yana iya mutuwa ko da akwai sauran mai. A wasu jirage akwai maɓalli na zaɓen tanki. In tanki ɗaya ya ƙare, sai a juya zuwa ɗayan. A 1997, wani mawaƙin Amurka, Jon Denba, ya tashi da ɗan jirginsa ba tare da ya ƙara mai ba. Maɓallin jirgin yana bayan kafaɗarsa, wurin da hannu ba ya kai wa da sauƙi. Masu bincike sun ce garin juya shi ne jirgin ya kuɓuce masa. Ya faɗa teku a Kalifoniya, ya rasu.

In inji ya mutu, jirgi ba ya faɗowa kamar dutse. Yana saukowa sannu-sannu kamar shirwa. Daga tsawon mita 1000, Cessna 172 yana iya cin kilomita wajen 9 kafin ya taɓa ƙasa. Amma matuƙin kirki ba ya bari a kai ga haka.

Tambayoyi

1. Ina tankunan ƙaramin jirgi suke?
2. Yaya matuƙi yake gane akwai ruwa cikin mai?
3. Don me ake ajiye man minti 30?
4. Jirgi yana shan lita 35 a awa. Lita nawa zai sha a awa 2?