ƘURAJEN GABA MASU TAFIYA SU DAWO: SAU NAWA SUKE TASHI?



'Yan uwa magidanta na Gwarzo, Getso, Kabo da Garo, tambaya ɗaya ta yawaita a saƙonninku: "Malam, ƙurajen nan sun warke, ga shi sun dawo. Maganin ne bai yi ba, ko wani ne ya sake kawo cutar gida?" Babu kunya a neman ilimi, don haka a saurara.

Mutanenmu komai na gaba "sanyi" suke ce masa. To wannan daban ne. Likitoci suna kiransa hapis, ƙwayar bairos ce, kuma iri biyu ce: HSV-1 da HSV-2. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2024 cewa kimanin mutum miliyan 846 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita a al'aura. Idan ta shiga jiki sai ta laɓe a jijiyoyin ƙasan gadon baya, ta yi kwanton ɓauna, lokaci-lokaci ta farka.

*Sau nawa?* Mai HSV-2 yakan ga tashi kamar sau 4 ko 5 a shekarar farko, wani ya fi haka. Mai HSV-1 kamar sau 1, wani ma shi ke nan. Yadda shekaru suke tafiya, galibi haka tashin yake raguwa.

*Alamomi sun bambanta.* Tashin farko ya fi tsanani: ƙuraje masu ruwa da suke fashewa su zama gyambo, raɗaɗin fitsari, zazzaɓi, ciwon jiki da kaluluwa a matsematsi, har sati 2 zuwa 4. Na baya sun fi sauƙi, sukan bushe cikin kwana 10 ko ƙasa da haka. Kafin su fito, wasu sukan ji ƙaiƙayi ko zugi a wurin, ko a cinya da ɗuwawu. Wani ɗan tsagewar fata kawai zai gani. Da yawa kuma ba sa ganin komai, amma suna iya yaɗawa. Zazzaɓin cizon sauro, gajiyar noma, damuwa, jinin al'ada da raunin garkuwar jiki duk suna iya tayar da ita.

Maigida, uwargida, amarya, ku riƙe wannan: dawowar ƙurajen ba hujja ba ce ta cin amana. Ƙwayar tana iya shekaru a jiki shiru, tun daga auren baya, kafin ta nuna kanta. Suratul Hujurat ta gargaɗe mu game da yawan zato. Kada a kashe aure a kan abin da ba a sani ba.

*Abin yi:*
1. Ku je Babban Asibitin Gwarzo tun ƙurajen suna ɗanye, domin gyambon tunjere ma yana fitowa a wurin, kuma maganinsa daban. A haɗa da gwajin ƙanjamau.
2. Acyclovir yana rage kwanakin ciwo, musamman in an fara da wuri. Mai yawan tashi, likita yana iya ɗora shi a kan na kullum.
3. A dakatar da kwanciyar aure daga jin ƙaiƙayin har fata ta warke sarai. Mai mata fiye da ɗaya ya ji tsoron Allah a nan.
4. A wanke da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a bushe. Ban da tafarnuwa, toka ko kanwa a kan gyambo.
5. Mai ciki ta faɗa wa ma'aikatan awo, domin cutar tana da haɗari ga jariri wajen haihuwa.

Zuma da habbatus sauda a ci, albarka ce. Amma duk mai lasifikar da ya ce zai fitar muku da wannan ƙwaya gaba ɗaya, ku riƙe kuɗinku: har yau ba a samu maganin da yake raba ta da jiki ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri. A tura wa 'yan uwa.